Mai Juna Biyu da Kyanwar Gida: Atishawa, Asma da Maganin Ƙarƙashin Harshe

A garuruwan ƙaramar hukumar Bagwai, daga Gadanya zuwa Kiyawa, Romo da Rimin Dako, kyanwa ma'aikaciya ce a gida. Da zarar an yi girbi an zuba gero da dawa a rumbu, ɓera zai kawo ziyara, kuma kyanwa ce ke tsare masa hanya. Sai dai akwai matan da in kyanwa ta shiga ɗakinsu sai atishawa, idanu su yi ja, hanci ya riƙa yoyo, wasu ma ƙirji ya riƙe. Idan irin wannan mace ta sami juna biyu sai damuwa ta ƙaru. Ta sha magani ne ko ta haƙura? A kori kyanwar ne ko a bar ta? Ga shi kuma ana jin labarin wani magani da ake ɗigawa a ƙarƙashin harshe, wanda aka ce yana raba mutum da wannan larura.

Uwargida, wannan darasi naki ne, ke da maigida da duk mai kula da ke. Ga amsar tun daga farko: ba a fara maganin ƙarƙashin harshe da ciki, kuma gwajin da aka yi masa a kan masu larurar kyanwa bai kai a ce an gama tabbatar da amfaninsa ba. Abin da ke gabanki a watannin nan tara shi ne numfashinki ya zauna daidai, domin da shi ɗan da ke cikinki yake rayuwa.

Mene ne alaji?

Kowane mutum yana da garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta. A jikin wasu mutane garkuwar kan yi kuskure, ta ɗauki abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba, kamar ƙura, garin furen ciyawa, wani abinci ko dattin jikin dabba. Duk sanda abin ya taɓa hanci, ido ko fata, sai jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ne ke kawo ƙaiƙayi, kumburi, atishawa da yoyon hanci. Wannan shi likitoci ke kira alaji. Idan ya fito a fata ya yi rudu-rudu, shi ne muke cewa borin jini. Idan kuma ya sauka cikin hanyoyin iska na huhu ya matse su, sai ya tayar da asma, wadda wasu ke kira fuka.

Alaji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba za ki shafa wa kishiya ko yara ba. Amma yakan bi jini, domin ɗan da iyayensa ke da alaji ko asma ya fi saurin samunsu.

Mene ne a jikin kyanwa yake tayar da shi?

Mutane da yawa na ɗora laifin a kan gashi. Ainihin abin wani sinadari ne da masana suka sa wa suna Fel d 1, wanda kyanwa ke fitarwa a yawunta da maiƙon fatarta. Kin san kyanwa da yawan lasar jiki. Idan ta lashe gashinta yawun ya bushe, sai sinadarin ya tashi cikin iska tare da ƙananan ɓarɓashin fata da ido ba ya gani. Kusan 9 cikin 10 na masu alajin kyanwa wannan sinadari ne ke tayar musu da shi. Muzuru ya fi macen kyanwa fitar da shi.

Ba shi da nauyi, saboda haka yakan daɗe yana yawo a iskar ɗaki, sa'annan yana maƙalewa a katifa, matashi, labule, darduma da tufafi. Shi ya sa za ki iya yin atishawa a ɗakin da kyanwar ta bari tun jiya. Bincike ya nuna cewa ko an fitar da kyanwa daga gida gaba ɗaya, sinadarin kan ɗauki wata 5 zuwa 6 kafin ya ragu sosai.

Yadda za ki bambance shi da mura

Mura ta ƙwayar cuta kan zo da ciwon jiki, kaushin maƙogwaro, wani lokaci da zazzaɓi, kuma takan wuce cikin mako ɗaya ko kwana 10. Alaji ba ya zuwa da zazzaɓi. Alamominsa su ne:

• atishawa a jere, sau biyar, sau goma
• majina tsinkakkiya kamar ruwa
• ƙaiƙayin hanci, ido da dasashi
• idanu su yi ja suna hawaye
• borin jini a inda kyanwa ta lasa ko ta yakusa
• tari da dare ko da asuba, da ƙarar fito a ƙirji

Babbar alama ita ce lokaci da wuri. Ki lura: yaushe abin yake tasowa? In kin je ganin gida inda babu kyanwa, yana lafawa?

Ki sani kuma ba kowace atishawa ce laifin kyanwa ba. A yankinmu akwai hazo da ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, akwai ƙaiƙayin gero lokacin sussuka da shiƙa, akwai hayaƙin itace da na kara a madafi, turaren wuta, igiyar leko, kyankyasai, da wasu ƙananan ƙwari da ke zama cikin ƙurar katifa. Ban da haka, ciki kansa yana toshe hanci. Kusan mace 1 cikin 5 takan sami toshewar hanci saboda sauyin sinadaran jiki, wadda ke gushewa da kanta cikin mako 2 bayan haihuwa. Don haka kada a yanke wa kyanwa hukunci kafin likita ya duba ki.

Me ya sa abin ya fi muhimmanci lokacin goyon ciki?

Ɗan tayi ba ya shaƙar iska da kansa. Iskar da kika shaƙa ce ke shiga jininki, ta bi ta mabiyiya ta isa gare shi. Idan ƙirjinki ya matse, rabonsa ya ragu.

Atishawa da yoyon hanci kaɗai ba sa cutar da ɗan tayi, illa dai su hana ki barci su gajiyar da ke. Asma ce abin tsoro. A cikin mata masu asma da suka sami ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku ciwon kan yi musu sauƙi, kashi ɗaya ya tsaya yadda yake, kashi ɗaya kuma ya tsananta, galibi a tsakiyar ciki. Asmar da ba a kula da ita ba tana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, haihuwar jariri marar nauyi, da hawan jinin masu ciki wanda kan kai ga jijjiga. Macen da ta riƙe maganinta yadda ya kamata kuwa, yawanci takan haihu lafiya kamar kowa.

Mene ne maganin ƙarƙashin harshe?

Magungunan alaji da aka saba da su suna kwantar da alamomi ne na ɗan lokaci. Wannan kuwa manufarsa ita ce a horar da garkuwar jiki. Ana ba mutum ɗan kaɗan daga abin da jikinsa ya ƙi, kullum, har garkuwar ta saba da shi ta daina tayar da hankali, kamar yadda baƙon da ya daɗe a gida yake zama ɗan gida.

Dabarar ta daɗe. A 1911 likitoci biyu a asibitin St Mary's da ke Landan, Leonard Noon da John Freeman, suka fara yi wa masu alajin furen ciyawa allurai da ruwan furen. Allurar na aiki, har yau ana yin ta, amma a wasu lokuta takan jawo alaji mai tsanani wanda ke toshe numfashi ya saukar da jini. A 1986 hukumar kula da lafiyar magunguna ta Ingila ta ba da rahoton mutuwar mutane 26 a cikin kimanin shekara 30 ta dalilin irin wannan allura, aka tsaurara dokar yin ta. A wannan shekarar ce kuma aka wallafa gwaji na farko mai inganci na ba da maganin ta ƙarƙashin harshe. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa wannan hanya na iya maye gurbin allura ga wasu marasa lafiya.

Ga yadda ake amfani da shi. Ana ɗiga ruwan maganin, ko a ajiye ƙwayarsa, a ƙarƙashin harshe, a riƙe minti 1 zuwa 2 kafin a haɗiye. Kullum ake yi, har tsawon shekara 3 ko fiye. Karon farko a gaban likita ake sha, a zauna aƙalla minti 30 ana lura da mutum. A makonnin farko yakan sa ƙaiƙayin baki, kumburin leɓe ko kaushin maƙogwaro. Alaji mai tsanani ba kasafai yake faruwa ba, amma yana yiwuwa. Ba a ba wanda asmarsa ta yi tsanani ko ba ta lafa ba.

A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da ƙwayoyin ƙarƙashin harshe na alajin furen ciyawa a 2014, sai na ƙwarin ƙurar katifa a 2017. Na kyanwa ba ya cikin waɗannan. Dalilin yana cikin sakamakon gwaje-gwajen da aka yi.

Yadda aka gwada shi a kan masu alajin kyanwa

Kafin a ce magani yana aiki, ana raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya a ba su maganin gaske, ɗayan a ba su wani abu mai kama da shi a launi da ɗanɗano amma babu magani a ciki. Marar lafiya bai san wanne aka ba shi ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, sai an kammala. Idan masu maganin gaske suka fi samun sauƙi, to maganin ne ya yi aiki.

A 1993 aka wallafa irin wannan gwaji daga birnin Denba na Amurka, ƙarƙashin Dakta Harold Nelson. Manya 41 masu alajin kyanwa suka yi kwana 105 suna ɗiga maganin. Kafin farawa da bayan gamawa an shigar da su gidan da kyanwowi ke zaune don a ga yadda jikinsu zai yi. Rukunin biyu duk sun sami sauƙi, kuma babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu.

A 2007 likitoci a Madrid ta ƙasar Sifen suka wallafa nasu. Sun fara da mutum 50, aka yi shekara guda, 33 suka kai ƙarshe. Da aka shigar da su ɗakin kyanwa, alamomin masu maganin gaske sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100, waɗanda aka ba na bogi kuwa ba su sami wani canji ba. Wannan sakamako ya ƙarfafa gwiwa, sai dai mutanen ba su da yawa.

Akwai kuma darasi a wani babban gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2016. Wannan allura ce a fata, an gwada ta a kan fiye da mutum 1,000 masu alajin kyanwa. Waɗanda aka yi wa allurar gaske sun sami sauƙin kusan kashi 60 cikin 100. Waɗanda aka yi wa ta bogi su ma sun sami kusan kashi 60. Dole aka ajiye maganin.

Abin lura a nan, uwargida, shi ne alaji ciwo ne mai tasowa ya lafa da kansa, kuma sa rai ma na sa mutum ya ji sauƙi. Saboda haka maganar "wance ta sha ta warke" ba ta isa hujja ba, ko a kan maganin bature ko na gargajiya.

Mai ciki za ta iya shan sa?

Ƙa'idar da likitocin alaji ke bi kashi biyu ce.

Idan ba ki fara ba, ba za a fara miki da ciki ba. A farkon magani ne jiki ya fi mayar da martani. In aka yi rashin sa'a alaji mai tsanani ya taso, jininki zai sauka, iskar da ke zuwa wa ɗan tayi ta yanke. Ga shi kuma amfanin maganin sai bayan watanni yake bayyana, wato za ki ɗauki haɗari yanzu a kan amfanin da ba zai riski wannan cikin ba.

Idan kuwa kin daɗe kina sha lafiya lau kafin ki sami ciki, likita na iya barin ki ki ci gaba a kan adadin da kike, ba tare da an ƙara ba. Wani bincike da aka wallafa a Indiya a 2012 ya bi diddigin mata fiye da 150 da suka yi goyon ciki suna kan irin wannan magani na wasu nau'o'in alaji, ba a ga ƙaruwar ɓari, bakwaini ko nakasar jarirai ba. Duk da haka ki sanar da likitanki da zarar kin ga alamar ciki.

Gwajin alaji na fata, wanda ake ɗiga ruwan abin da ake zargi a hannu a ɗan tsira fatar a jira minti 15 zuwa 20, shi ma yawanci akan jinkirta shi sai bayan haihuwa. In da buƙata, ana iya yin gwajin jini a maimakonsa.

Wannan magani na ƙwararren likita ne, bayan gwaji ya tabbatar da abin da jikinki ya ƙi. Kada ki sayi wani ruwa a kemis, a kasuwa ko ta waya da sunan maganin alaji na ƙarƙashin harshe. Kada kuma kowa ya ce ki riƙa cuɗanya da kyanwa don jikinki ya saba. Hakan na iya tayar miki da asma.

To me za ki yi yanzu?

Na farko, ki rage haɗuwa da abin da ke tayar miki da ciwon.

• Kyanwa ta daina shiga ɗakin kwananki, dare da rana. A riƙa rufe ƙofa, labule kaɗai ba ya tare ta.
• A mayar da wurin cinta da kwananta can wajen rumbu ko turken dabbobi.
• A wanke zanin gado, rigar matashi da labule duk mako, a shanya a rana. A fitar da katifa ta sha rana.
• A yayyafa ruwa kafin shara, a goge ledar ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. Wani ya yi sharar, ke ki fita sai ƙura ta kwanta.
• In kin taɓa kyanwa ki wanke hannu da sabulu kafin ki kai shi ido.
• Ki nisanci wurin sussuka da shiƙa. In hazo ya sauko ki rufe hanci da takunkumi.
• A yi girki a fili inda hayaƙi ke fita. A rage turaren wuta. A bar igiyar leko, ki kwana cikin gidan sauro mai magani, wanda dama shi ake so kowace mai ciki ta kwana a ciki saboda zazzaɓin cizon sauro.
• Kada a sha taba a ɗakinki ko kusa da ke.

Na biyu, magani. Wanke hanci da ruwan gishiri yana taimakawa kuma ba shi da illa: shafaffen ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Akwai ƙwayoyin alaji da aka daɗe ana ba masu ciki, irin su Piriton, loratadin da setirizin, da kuma maganin feshin hanci. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa miki a wurin awo. Ki guji haɗe-haɗen maganin mura na kemis, domin wasunsu na ɗauke da sinadarin da ke matse jijiyoyin jini, wanda ba a so musamman a wata 3 na farko. Maganin buɗe hanci na ɗigawa kuma in ya wuce 'yan kwanaki ƙara toshe hancin yake yi.

Na uku, idan kina da asma, kada ki ajiye abin shaƙarki don kin sami ciki. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa kuma ya fi haɗari. Inhela iri biyu ce. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, wato salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, galibi shuɗiya. Akwai kuma ta rigakafi da ake shaƙa kullum ko ana lafiya, irin su budesonid da beklometason, sa'annan akwai wadda ta haɗa aikin biyu. An daɗe ana amfani da su ga masu ciki. Maganin na tafiya kai tsaye cikin huhu ne, abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai. Wasu na cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita, ko kuma sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake ba shi. Ba haka ba ne. Bayan kin shaƙi ta rigakafi ki kurkure baki. In shaƙar na ba ki wuya, ki roƙi nas ta nuna miki yadda ake haɗa inhela da gorar roba ta rabin lita, domin maganin ya fi shiga huhu.

Ƙwayoyi irin su firednisolon da dekzametason ba na sha kai tsaye daga kemis ba ne. Amma idan likita ya rubuta miki su na 'yan kwanaki saboda asma ta taso, ki sha, kada ki ji tsoro.

A kori kyanwar ne?

Ba kullum ba. Gidan da aka kori kyanwa ɓera ya samu sake, kuma ɓera ba hatsi kaɗai yake ɓarnatarwa ba. Wani nau'insa na yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa a kan abinci. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, takan fi ɓulla da rani, kuma an sha samunta a jihohin Arewa har da Kano. Tana da muni ƙwarai ga mai ciki, musamman a wata ukun ƙarshe, inda galibi akan rasa cikin. Ajiye kyanwa na cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa na rage ɓera a gida, tare da rufe abinci da zubar da shara nesa.

Saboda haka idan larurarki ta tsaya ga hanci da ido, a bar kyanwa ta yi aikinta a wajen rumbu, ɗakinki kuma ya zama haramiyarta. Idan kuwa an tabbatar ita ke tayar miki da asma, kuma ciwon ya ƙi lafawa duk da magani, to a ba wani gida ita, a koma ga tarko, toshe ramuka da zuba abinci a mazubi mai murfi. Kada a sa ran ganin canji a mako guda, tunda sinadarin na daɗewa a kayan ɗaki.

Kashin kyanwa: wata magana dabam

Wannan ya shafi kowace mai ciki, ko tana da alaji ko ba ta da shi. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna toksoplasma da kyanwa ke ɗauka idan ta ci ɓera ko ɗanyen nama, ta fitar da ƙwayayenta a kashi. Ga babban mutum mai lafiya yawanci ba ta nuna wata alama. Amma idan mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki, tana iya ratsawa zuwa ɗan tayi ta jawo ɓari ko ta taɓa masa ido da ƙwaƙwalwa.

Ƙwayayen ba sa iya harbin mutum sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5 a ƙasa, don haka a riƙa kwashe shi kullum, kuma wani ya kwashe, ba ke ba. Shafa bayan kyanwa ba shi ne hanyar kamuwa ba. An fi kamuwa ta ƙasa, ruwa marar tsabta da naman da bai dahu ba. Ki wanke hannu da sabulu bayan aikin gona ko taɓa ƙasa. Latas, kabeji, karas da tumatir na noman rani, irin wanda ake yi a bakin madatsar ruwa ta Watari, a wanke su sosai da ruwa mai tsabta. Tsire da balangu su gasu har ciki, kada a ga ja. Ki kuma bar cin farar ƙasa ko ƙasar bango. In kwaɗayinta ya dame ki ki faɗa a wurin awo, domin yakan zama alamar ƙarancin jini.

Alamomin da ba a jira da su

A kai ki asibiti nan take, dare ko rana, idan:

• numfashi ya yi wuya har ba ki iya ƙarasa magana
• kin shaƙi inhela mai buɗe ƙirji amma babu sauƙi, ko sauƙin bai daɗe ba
• leɓe, harshe ko fuska sun kumbura, ko murya ta shaƙe
• leɓe ko farce sun canja launi, ko jiri na ɗibar ki
• motsin ɗan cikinki ya ragu
• tari ya zo da zazzaɓi, ciwon ƙirji ko jini

A hanya ki zauna a miƙe, kada ki kwanta rigingine, ki ci gaba da shaƙar inhela yadda aka koya miki. A fara da asibiti mafi kusa, a Bagwai ko Bichi. In da buƙata su za su tura ki Kano, zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani babban asibiti. Tarin da ya wuce mako 2 shi ma a je a duba, domin a tabbatar ba tarin tibi ba ne.

Ranar haihuwa da bayanta

Tun zuwanki awo na farko ki faɗa cewa kina da asma ko alaji, a rubuta a katinki. Wannan na da muhimmanci, domin wasu magungunan hawan jini, wasu na tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da asfirin da danginsa na iya matse ƙirjin wasu masu asma. In an sani, akwai waɗanda za a ba ki a madadinsu. Ki sa inhelarki cikin kayan haihuwa, kuma ki haihu a asibiti. Asma ba ta cika tasowa lokacin naƙuda ba, kuma ba ta hana mace haihuwa da kanta.

Bayan haihuwa ki ci gaba da maganinki, ba ya hana shayarwa. Ki ba jariri nono zalla har wata 6. A kiyaye ku da hayaƙin itacen dafa ruwan wanka, kada kuma a kunna gawayi a rufaffen ɗaki. Kyanwa na son wuri mai ɗumi, saboda haka kada a bar ta ta kwanta inda jariri yake barci. Idan kin murmure, kuma alajin na damun ki har yanzu, lokacin ne za ki nemi a tura ki wurin ƙwararren likita a yi gwaji, a tattauna ko maganin horar da garkuwar jiki ya dace da ke.

Ga maigida da surukai

Maigida, atishawar matarka da tarinta na dare ba raki ba ne, ba kuma ƙyuyar aiki ba. Kai ne za ka sa a rufe ƙofar ɗaki, ka sa yara su kwashe kashin kyanwa, ka tabbatar inhela ba ta ƙare ba. Ka tanadi kuɗin mota da lambar direba ko mai babur tun kafin buƙata ta taso, musamman da damina lokacin da hanya kan ɓaci. Inna da sauran manyan gida, a ɗauke mata shara, shiƙa da zama cikin hayaƙi a watannin nan. In likita ya ba ta abin shaƙa, kada a ce ta ajiye don tsoron jariri. Jikan naku da wannan iskar yake girma.

Ki tuna

• Ba a fara maganin ƙarƙashin harshe da ciki.
• Kada ki daina maganin asma sai da izinin likita.
• Kyanwa a wajen rumbu, ba a ɗakin kwana ba.
• Wani ya kwashe kashinta, ke kuma ki yawaita wanke hannu.
• Ki riƙa zuwa awo a kan lokaci, ki faɗi duk abin da ke damun ki.

Allah Ya raba lafiya.